Dajin gari: a yanka a gina asibiti, ko a bar shi?

"Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, a arewacin jihar Katsina. Mun kai mutum 3,000. Muna da daji na gari kamar hekta 200, huruminmu ne tun kaka da kakanni. Yanzu matasa sun tasa shi gaba da sara suna ƙona gawayi, gonaki kuma sun yi wa jama'a kaɗan. Wasu sun ce a yanka dajin a sayar, a gina ƙaramin asibiti da ajujuwa da kuɗin. Dattawa sun ce atafau ba za a taɓa shi ba. Ni dai ina ganin kowa da gaskiyarsa. Yaya za mu yi mu samu ci gaba ba tare da mun jawo wa kanmu hamada ba?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka da alheri da ka kawo maganar tun dajin yana tsaye, domin galibi sai bayan an share ake neman shawara.

Tambayar taka guda uku ce a dunƙule. Akwai itacen da mata za su dafa abinci da shi kullum, akwai abin da matasa za su sa a aljihu, akwai kuma kuɗin aikin gayya. Dukansu kun ɗora wa daji ɗaya. Kuma in aka bar al'amarin yadda yake, masu cewa a sayar da masu cewa a bari duk za su tashi a tutar babu, saboda gatari ba ya jiran a gama taro. Shawarata a taƙaice ita ce kada ku sayar, kada kuma ku tsaya a kan hani kawai. Ku sauke wa dajin nauyin itace ku mayar da shi gonaki, sa'annan ku mai da dajin kansa dukiyar da ake cin ribarta a bar uwar kuɗi.

Kafin komai, ku je sashen gandun daji na ƙaramar hukuma ku tabbatar da matsayin wurin. In yana cikin gandun daji ko makiyayar da gwamnati ta keɓe a hukumance, ba ku da ikon sayarwa ko da duk gari ya yarda. In kuwa hurumi ne na gargajiya, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a ƙarƙashin ƙaramar hukuma, don haka ku nemi a auna shi, a kafa duwatsun iyaka, a rubuta shi da sunan al'umma. Hurumin da ba shi da takarda, ana wayar gari a ga wani ya zo da tasa.

Lissafin da ya kamata a karanta a gaban taro

Ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya a karkarar yankinmu yana cin itace kusan kilo ɗaya a rana. Mutum 3,000 ke nan tan 3 kullum, sama da tan 1,000 a shekara. Daji irin na sabara da geza da kalgo, a inda ruwan sama bai wuce milimita 600 ba, abin da yake ƙarawa na itace a shekara yana tsakanin rabin tan zuwa tan ɗaya a kowace hekta. Wato dajinku, ko a shekara mai albarka, bai fi ya ba da tan 200 ba. Ko da babu mai gawayi ko ɗaya, ba zai iya riƙe murhun garin ba. Giɓin da ya rage kuwa da kara da kashin shanu ake cike shi, waɗanda su ne ya kamata su koma gona su zama taki. Shi ya sa gona ke mutuwa, mai gona ya ce ta yi masa kaɗan, ido ya koma kan daji.

Gawayi kuma shi ne mai saurin ci. A ƙonawar gargajiya, inda ake jibge itace a rufe da ciyawa da ƙasa, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin itacen ne kaɗai ke fitowa gawayi. Buhu mai kilo 30 ya lashe itace kilo 200 zuwa 300. A ce matasa 20 kowa yana fitar da buhu 5 a mako: tan 25 ke nan na itace duk mako, cikin wata biyu sun cinye abin da dajin ya tara a shekara guda. Sauran wata goma uwar kuɗi ake ci. Ku sa naku alƙaluman a wannan lissafi, ku ƙirga buhunan da ke fita ranar kasuwa har mako huɗu, ku karanta a gaban kowa. Yana kashe musu fiye da wa'azi.

Abin da maƙwabtanku na Maradi suka yi

Ba ku da nisa da amsar, tana tsallaken iyaka. Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi masu yawa a Nijar wajen raba dashe, amma mafi yawan itatuwan suka mutu, rana da iska da awaki da gara suka gama da su. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maradi ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk bazara ba ciyayi ba ne, tofon kututturan itatuwa ne da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Abin da suke bukata kawai a rage musu rassa a daina ƙone su. Hausawan can suka sa wa abin suna sassabin zamani. Hotunan tauraron ɗan'adam da aka bincika daga baya sun nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200, kusan duk ba dasa su aka yi ba.

Akwai darasi a cikin labarin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi shafar ku. Lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa don a ba su hatsi. Da aka daina rabo, da yawa suka sare nasu. Abin bai kama ƙasa ba sai da manoma suka tabbata itacen da suka raina nasu ne, za su iya sassaƙa su sayar ba tare da ma'aikacin gandun daji ya ci su tara ba. A da doka ta mai da kowane itace na gwamnati, shi ya sa manomi ke tsige shi tun yana ƙarami don kada ya zame masa fitina. Nijar ta gyara dokar gandun dajinta a 2004, a 2020 kuma aka fitar da dokar shugaban ƙasa da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa. Don haka abu na farko da za ku nema wajen mai gari da hakimi da ma'aikacin gandun daji shi ne yarjejeniya a rubuce cewa wanda ya raini itace a gonarsa shi ke da shi.

Yadda ake yin sa

Lokacinsa shi ne sharar gona, daga Maris zuwa faɗuwar ruwa. Manomi ya zaga gonarsa tun bai sa wuta ba, ya duba kututturan da ke tofo: sabara, kalgo, magarya, aduwa, gawo, bagaruwa, kanya, duk abin da ƙasar ta riƙe. Mai farawa ya zaɓi kamar 40 a hekta, wato 16 a eka, tazarar taki 15 zuwa 20 tsakaninsu, yadda garmar shanu za ta wuce. Waɗanda suka saba suna kaiwa 100 ko fiye, amma kada a tilasta wa kowa adadi.

A kowane kututture za ka tarar da tofo goma, ashirin, har fiye, suna ta gasar abinci babu mai girma. Ka zaɓi 3 zuwa 5 mafi tsayi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka sassabe musu rassan gefe zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce haka. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: mutum ya aske reshe tas ya bar ɗan tukku a sama, iskar farkon damina ta karya shi ko akuya ta lanƙwasa ta cinye kan. Adda ko lauje ya kasance mai kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama. In ka sara daga sama, reshen yana faɗuwa ya ɓare ɓawon jikin itacen, gara da ruɓa su samu ƙofa. A ɗaura ɗan jan ƙyalle a jiki don mai neman itace ya san da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida a dawo a cire sabon tofon da ya fito a gindi.

Dalilin barin guda biyar maimakon ɗaya shi ne amfani. Kowace shekara ka sare ɗaya ka yi itace ko dirka, ka bar sabon tofo ya maye gurbinsa, babban cikinsu kuma ka ƙyale shi ya zama bishiya. Da yake saiwar tsohuwa ce ta riga ta kai ga laima, sabara ko kalgo kan yi mita ɗaya zuwa biyu a shekarar farko, abin da dashe ba ya yi. Tun daga shekara ta biyu uwargida ta fara samun ƙirare a gonar gida.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zubar ya zama taki daidai lokacin shuka, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun yuriya. Duk manomi ya san geron gindin gawo daban yake. 'Ya'yansa abincin dabbobi ne a tsakiyar rani, kuma ta cikin kashinsu iri ke yaɗuwa, shi ya sa gonar da shanu suka kwana take fitar da 'yan gawo da damina. A kafa musu tsinke a gaya wa masu noma da yara su kauce musu. A shekaru biyun farko gawo ƙasa yake tafiya, a sama kamar ba ya motsi, kada a yanke ƙauna.

A ce gonakin garinku hekta 1,500 ne, kowace ta riƙe 40. Itatuwa 60,000 ke nan, kowanne da mai shi da ke tsaronsa, ba a sayi dashe ko ɗaya ba, ba a ɗauki jarka an yi ban ruwa ba.

Inda abin ke lalacewa

Sata ce ta farko. Mutum ya raini itace shekara biyu, dare ɗaya a sare, ba zai sake ba. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye a jihar Maradi, maganin da suka yi shi ne kwamitin sa ido na gari wanda ya haɗa da mata da Fulani makiyaya, da dokoki da tara da kowa ya amince da su. Ku lura da waɗanda aka sa a ciki. Mata ne ke ɗebo itace, makiyaya ne ke sassaƙa wa dabbobi ganye da rani. Dokar da aka yanke ba su nan, su ne za su fara karya ta, kuma da hujjarsu. A zauna da arɗo tun farko, a bar burtali da hanyar mashaya a buɗe, a amince cewa makiyayi zai iya kakkaɓe 'ya'yan gawo ko ya sassaƙi wani sashe na rassa da izinin mai gona, amma ba ya gundule kan itace ba.

Ta biyu gonar aro da haya da jingina. Wanda ba shi da tabbacin zai noma wurin baɗi ba zai raini komai ba, mai gonar ma wani lokaci yana tsoron kada itace ya zama hujjar mallaka. A rubuta a gaban mai unguwa cewa ƙasa ta mai ita ce, rassan da aka sassabe na mai noma ne. Ta uku tsoron tsuntsaye da inuwa, wanda gaskiya ne in an bar kalgo ya yi duhu. Maganinsa sassabe kafin shuka. Inda kuma tarakta ta tumɓuke kututture ko ƙasa ta zama faƙo, sassabin zamani ba shi da abin kamawa. Nan sai tassa: ramuka masu faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tazarar kamar 80, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafi biyu tun da rani. Aiki ne mai cin ƙarfi, hekta ɗaya tana ɗaukar ramuka sama da 10,000, amma gero na fitowa a shekarar farko, irin itatuwa da ke cikin takin ma ya tsiro.

Shi kansa dajin

A raba shi gida goma, kowane kamar hekta 20, da alamun da kowa zai gani. Kowace shekara gida ɗaya ake buɗewa a yi sara, sauran tara suna hutawa. A gidan da aka buɗe ma ba sharewa za a yi ba: a ɗauki busasshe, da masu tofowa irin su sabara da geza waɗanda kaurinsu ya kai damtse, a sare su a karkace kamar taƙi ɗaya daga ƙasa don ruwa kada ya kwanta a kan kututturen, a ƙarshen rani. A rubuta sunayen waɗanda gatari ba ya taɓawa ko a wane gida: kuka, tsamiya, ɗorawa, kaɗanya, gawo, kanya, ɗinya, da ƙirya da marke waɗanda masu gawayi suka fi farauta saboda ƙarfin garwashinsu, kuma su ne masu daɗewa ba su girma ba. Gidan da aka sare a hana kiwo a cikinsa damina biyu, in ba haka ba awaki su cinye tofon, kututture ya mutu. A share hanyar tare gobara mai faɗin mita 10 zuwa 15 a kewaye da zarar ciyawa ta fara bushewa a Oktoba.

Nijar ta gwada irin wannan tun 1992 da kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke da ikon dajinsa, da adadin da zai sara a shekara, da kasonsa na haraji. Inda aka samu matsala, yawanci daga wuce adadi ne da rashin bayyana kuɗi. Ku ɗauki darasi: rasit ga kowane kaya, ma'aji daban da shugaba, sa hannun mutum uku a asusun banki, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku.

Su matasan gawayi kada a mai da su ɓarayi. Su suka fi kowa sanin dajin, su za a yi wa rajista a matsayin masu sara da masu gadi, a ba su gidan shekara su kaɗai, bare kuma ba ya shiga. A gyara musu ƙonawar: a bar itace ya bushe mako huɗu zuwa shida, a jera shi a kan gungume yadda iska za ta zaga ta ƙasa, manya a tsakiya, a cike giɓi da ƙanana, a sa bututun hayaƙi na gangunan ƙarfe da aka haɗa a gefe. Wannan tsari, wanda aka fi sani da na Kasamas ta Senegal, yana iya kai amfanin zuwa kashi 20 ko 25 cikin ɗari a hannun wanda ya iya, wato buhu ɗaya da kusan rabin itacen da ake ƙonawa a da. Duk da haka sai na faɗa maka gaskiya, hekta 20 a shekara ba za ta riƙe mutum 20 a kan gawayi kaɗai ba. Dole wasu su koma ga abin da daji ke bayarwa yana tsaye. Mafi saurin kuɗi ciyawa ce: gidan da aka killace yana cika da ita tun daminar farko, a yanka a Satumba tana ɗanya, a shanya a inuwa, a adana zuwa Afrilu lokacin da masu kiwo ke nemanta ido rufe. Gamba tana ba da zana. Ga amya, ga magarya da aduwa da garin kuka, ga ƙaro in akwai dakwara.

A ɓangaren gida kuma, murhun laka mai riƙe zafi da mata za su iya ginawa da kansu yana rage itace kamar kashi ɗaya cikin uku in an yi shi daidai da girman tukunya. Wanda aka yi bai dace da tukunyar tuwon gidan ba, mako biyu ake komawa kan duwatsu uku.

To asibitin fa?

Masu son asibiti suna da gaskiya, mace mai naƙuda ba za ta jira gawo ya girma ba. Sai dai kuɗin fili sau ɗaya ake karɓa. Zai iya tada gini, ba zai biya ma'aikaciyar jinya ko ya sayi magani baɗi ba, kuma ƙauyukanmu cike suke da gine-ginen da aka buɗe da biki aka rufe da kwaɗo. Kafin ku sa bulo ɗaya, ku samu alkawarin ma'aikaci a rubuce daga hukumar lafiya matakin farko. Filayen kuma masu kuɗi ne za su saye, galibi daga waje, talakan da gona ta yi wa kaɗan ba zai samu ko taki ɗaya ba, ga shi ya rasa inda matarsa ke samun itace da inda akuyarsa ke kiwo.

Abin da ya fi shi ne kuɗin rasit da tara da kason ciyawa su shiga asusun gari, a haɗa da gudunmawar 'yan gari mazauna birni, ya zama kason al'umma da za ku nuna wa masu tallafi. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, yana aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja a kan farfaɗo da ƙasa, Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta ƙasa ma Katsina na cikin jihohinta 11. Garin da ya zo da taswirar dajinsa da kwamiti da littafin lissafi ya fi wanda ya zo da takardar koke samun shiga. In kuma lalle sai an taɓa dajin, a yanki wurin ginin kaɗai, hekta ɗaya ko biyu ta gefen gari inda ya riga ya ƙwaƙule, a nisanci bakin rafi da kan tudu, don daga nan zaizaya ke farawa.

Iyakar wannan shawara a fili take. Alƙaluman da na kawo na ƙiyasi ne, sai ma'aikacin gandun daji ya shiga dajin ya ƙirga kafin a yanke adadin sara. Shekara biyu zuwa uku na farko akwai ƙunci, domin an taƙaita daji gonaki kuma ba su fara bayarwa sosai ba. A wannan tsakanin a bar mata su ci gaba da tsintar busasshen itace a duk gidajen, a ranakun da aka sa. Inda kuma rashin tsaro ya hana shiga daji, kamar yadda yake a sassan jiharku, kada a tura matasa gadi su sa ransu a haɗari, a fara da gonakin da ke kusa da gari.

Ku yi taron yarjejeniya da kaka, lokacin da kowa yana gida kuma makiyaya sun sauko cin kara. Awo da raba daji a yi su cikin sanyi. Kafin sharar gona ku ɗauki manoma goma da mata biyar da wakilin arɗo ku kai su wani ƙauye a yankin Agye ko Tasawa su kwana biyu su ga gonakin da idonsu, su riƙe adda tare da masu yi. Waɗannan goman su fara a gonakinsu na bakin hanya, inda duk mai tafiya kasuwa zai gani.